Yadda Ake Shirya Injin Karbureta Ya Sha Man Itanol Mai Yawa

A garejojin Damagaram, daga Zango har Sabon Gari, samari masu sha'awar gudu sukan nuna wa bakanike bidiyon motocin tseren Amurka a waya, suna tambaya ko man nan da ake kira E85 zai ƙara wa injinsu ƙarfi. Zai iya ƙarawa, amma sai ga injin da aka shirya masa tun daga tanki har zuwa buji, domin wanda ya zuba shi haka kawai a karburetar da aka saita don fetur, yunwar mai, wato ƙarancin mai a kan iskar da ke shiga, zai jawo wa injinsa, kuma ƙarshen injin da ke gudu da yunwar mai shi ne narkewar fistan.

Itanol barasa ce da ake samu daga rake ko masara ko rogo ko dawa, E85 kuwa cakuɗa ce ta kusan kashi 85 cikin ɗari na itanol da kashi 15 na fetur. Amfani da shi a injin karbureta ba sabon abu ba ne. Ƙasar Brazil ta fara shirinta na man barasa a 1975, kuma a 1979 aka fitar da motar Fiat 147 mai shan itanol, alhali duk ƙananan motocin wancan zamani a can da karbureta suke aiki. A Faransa ana sayar da E85 a gidajen mai, a Amurka kuma masu tseren miƙaƙƙen layi na rubu'in mil, wato kimanin mita 402, sun rungume shi saboda ya fi man tsere na musamman araha nesa ba kusa ba. A nan wajenmu lamarin dabam ne: abin da ke famfunan gidajen mai fetur ne, wanda matatar SORAZ ke tacewa daga ɗanyen man Agadem tun 2011, kuma ba a sayar da E85 a famfo. Duk wanda zai yi wannan aiki a Damagaram, ko dai ya samo man cikin duro daga waje, ko kuwa ya haɗa da hannunsa, shi ya sa aune-aunen da za a ambata a ƙasa suka fi zama wajibi a kansa fiye da kan mutumin Faransa.

Abin da ya bambanta shi da fetur

Fetur yana buƙatar kimanin kilo 14.7 na iska kafin kilo ɗaya ya ƙone ƙurmus. Itanol zalla kilo 9 na iska ya ishe shi, E85 kuma kimanin 9.8, saboda kusan kashi 35 cikin ɗari na nauyin itanol iskar oksijin ce da ya zo da ita a jikinsa. Ma'anar wannan ita ce, idan iskar da injin ke zuƙa ba ta canza ba, dole a ba shi mai fiye da na da, ƙarin da yakan kai kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari a ma'aunin lita. Lita guda ta itanol ba ta ɗauke da ƙarfin da litar fetur ke ɗauke da shi, kusan kashi biyu cikin uku kawai take da shi, don haka motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta koma shan lita 13 ko 14.

To ina ribar take? A wurare biyu. Na farko, itanol yana jure matsi ƙwarai kafin ya fashe da kansa, domin lambar oktan ɗinsa ta kai kusan 108, nesa da ta fetur ɗin kasuwa. Na biyu, sa'ad da yake zama tururi a hanyar shigar iska yana kwashe zafi fiye da ninki biyu na abin da fetur ke kwashewa, sai iskar ta yi sanyi, ta yi nauyi, ta shiga silinda da yawa. Wanda ya taɓa shafa barasar asibiti a hannu ya ji sanyin da take bari ya riga ya san abin da ke faruwa a maƙogwaron karbureta. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, wannan sanyaya ba ƙaramin amfani ba ne.

Sai dai a fahimta da kyau cewa injin gida mai matsin 8 ko 9 bisa 1, wato yawan yadda fistan ke matse iska da mai a silinda, irin na tsohuwar Peugeot 504 ko na mashin ɗin kabu-kabu, ƙarin ƙarfin da zai samu kaɗan ne, bai kai kuɗin man da zai ƙara sha ba. Wanda ke cin moriyar itanol shi ne injin da aka ɗaga matsinsa zuwa 12 ko 13 bisa 1 ta hanyar canza fistan ko kankare kan inji, ko kuma wanda aka ɗora wa turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska. A ganina, mai neman sauƙin kuɗin mai ko abin hawan zuwa kasuwa ya bar wannan magana tun daga nan, domin ba dominsa aka yi ta ba.

Fara da auna man da kansa

Sunan E85 ba ya tabbatar da abin da ke cikin duro. A Amurka doka ta yarda a sayar da shi da itanol tsakanin kashi 51 zuwa 83, kuma a ƙasashen sanyi ana rage itanol a lokacin hunturu don motoci su tashi da safe. Injin zamani mai kwamfuta yana iya gyara kansa idan cakuɗar ta canza, amma karbureta ba ta san komai ba sai girman hudar da aka ba ta. Idan ka saita ta da mai na kashi 70, daga baya ka zuba na kashi 85, ka jefa injin cikin yunwa ba tare da ka taɓa ko ƙusa ɗaya ba.

Gwajin ba shi da wuya. Samo kwalbar awo ta gilashi mai layukan mililita 100, ka zuba mililita 50 na man, ka cika da mililita 50 na ruwa mai tsabta, ka toshe bakin, ka girgiza sosai, sannan ka ajiye ta ta huta na ƴan mintuna. Itanol zai bi ruwa ya kwanta ƙasa, fetur kuma ya taso sama. Karanta yawan abin da ya taso ka ninka shi biyu, shi ne kason fetur ɗin: idan ka ga mililita 7 da rabi a sama, fetur kashi 15 ne, sauran 85 itanol ne. Yi wannan ga kowane duro sabo, ka rubuta sakamakon a jikin duron.

Mai haɗawa da hannunsa zai zuba lita 17 na itanol da lita 3 na fetur a jarka mai cin lita 20. Amma akwai sharaɗi mai nauyi: itanol ɗin ya kasance wanda aka cire wa ruwa, na kashi 99 zuwa sama. Barasar kantin magani ta kashi 70 ko 90 ruwa ne ya cike ragowarta, kuma idan aka haɗa ta da fetur sai cakuɗar ta rabu gida biyu a cikin tanki, famfo ya riƙa jan na ƙasa mai ruwa. Kashi 15 ɗin fetur ma a saye shi a gidan mai, a bar na kwalaben bakin titi, tun da ba wanda zai iya cewa ga abin da aka gauraya a ciki. Haka nan a kiyayi wanda zai kawo metanol da sunan itanol. Metanol yana buƙatar saiti dabam, ya fi cin ƙarfe, kuma guba ne mai makantarwa da kisa, yana ma shiga jiki ta fata. Shi kansa itanol na mota ana zuba masa abin da ke hana shan sa, don haka a nisanta shi daga yara da kwanukan abinci.

Daga tanki zuwa karbureta

Itanol yana wanke duk dattin da fetur ya tara shekara da shekaru, ya kwaso shi zuwa jiklar, wato ƙananan hudojin da mai ke bi a cikin karbureta, saboda haka a sauke tanki a wanke shi tas kafin a zuba ko ɗigo. Tankin da ya fara tsatsa daga ciki a canza shi. Tsohon tiyon roba na fetur yakan kumbura ko ya bushe ya tsattsage, wani lokaci ya riƙa zubar da ɓarɓashi baƙi daga ciki alhali wajensa lafiya lau. A maye gurbinsa da tiyo mai rufin PTFE (wani irin roba mai jure barasa) a ciki ko wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana jure E85, a sa zobban roba na Viton, a cire duk gasket na toto. Matacin mai na takarda ma ba abin dogaro ba ne, domin itanol yakan narkar da gam ɗin da ya riƙe takardar. Na ragar ƙarfe maras tsatsa shi ne daidai, kuma a buɗe shi a duba sau da yawa a makonnin farko.

Famfon mai dole ya iya kawo aƙalla kashi 40 fiye da abin da injin ke sha a da. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ƙara matsin famfo ana zaton hakan zai ƙara mai, alhali abin da ake nema yawan kwarara ne, matsin kuwa ya tsaya inda kamfanin da ya ƙera karburetar ya ce. Manyan karburetocin Holley na motocin Amurka suna aiki da matsin kimanin bar 0.4 zuwa 0.5 (bar ma'aunin matsi ne), na Weber kuma kusan bar 0.2 kawai suke so, kuma idan aka wuce haka mai zai ture allurar da ke tsare bakin kwanon da mai ke taruwa a karbureta ya malala cikin inji. Hanyar ƙara kwarara ita ce tiyo mai faɗi da famfo babba. A mashin da mai ke gangarowa daga tanki ba tare da famfo ba, a duba makunnin man tanki, domin sau da yawa shi ne mafi ƙuncin wuri a duk hanyar.

Cikin karbureta

Nan ne aikin ya fi yawa, kuma nan ne ake gane bakaniken da ya fahimci abin da yake yi. Mafi yawan mutane babban jiklar kaɗai suke tunawa, wato ɗan dunƙulen tagullar nan mai huda da mai ke bi idan an taka totur, alhali kowace hanyar mai a cikin karbureta tana buƙatar ƙari iri ɗaya.

A fara da lissafin babban jiklar. Mai yana bin faɗin huda ne gaba ɗaya, don haka ƙarin kashi 35 zuwa 45 na faɗi yana daidai da ƙarin kashi 16 zuwa 20 kawai a tsallaken bakin hudar. A jiklar na Weber da Solex da Keihin, lambar da ke jiki tana nufin tsallaken hudar a kashi ɗari na milimita, wato 120 na nufin milimita 1.20. Wanda yake da 120 zai ninka da 1.16 ya sami kusan 140, ya ninka da 1.20 ya sami kusan 145, sai ya fara gwaji da 145 ya riƙa saukowa a hankali. Wannan lissafi ba ya aiki ga kowace karbureta: jiklar Mikuni mai kusurwa shida lambarsa yawan kwarara take nunawa, don haka kai tsaye ake ƙara mata kashi 35 zuwa 45, lambobin Holley kuma suna da nasu jadawali da sai an duba. Ina ba da shawara a sayi jiklar sababbi masu girma dabam-dabam maimakon a huda na da, saboda hudar da aka yi da hannu ba ta fita santsi, kuma jiklar biyu da aka huda da abin huda ɗaya sukan ba da mai dabam.

Bayan babban jiklar sai ƙaramin, wanda ke ciyar da inji lokacin da yake aiki a tsaye da kuma farkon taka totur. Shi ma a ƙara masa gwargwadon haka, in ba haka ba injin zai riƙa tari yana mutuwa da zarar an saki kuloci. Sai allurar bakin kwano da mazauninta, waɗanda ake yawan mantawa: idan ƙofarsu ƙarama ce, kwanon zai ƙare kafin a kai ƙarshen layin gudu, injin ya shiga yunwa daidai lokacin da ya fi zafi, kuma babu girman jiklar da zai magance wannan. Itanol ya ɗan fi fetur nauyi, don haka abin iyon da ke cikin kwano yana tasowa da wuri ya rufe allura, sai a sake saita tsayin mai bayan an zuba sabon man. Ƙaramin famfon da ke fesa mai idan an taka totur da sauri yana buƙatar huda mafi girma da fatar roba mai jure barasa. A karburetar Holley akwai kuma ƙananan hanyoyin da bawul ɗin ƙarin mai ke buɗewa sa'ad da aka taka totur har ƙasa, da bututun da ke fesa mai a tsakiyar maƙogwaro, kuma su ma sukan zama shinge, abin da ya sa kamfanoni ke sayar da karbureta da aka ƙera musamman don E85. A mashin kuwa, a ɗaga doguwar allurar tsakiya mataki ɗaya ko biyu, ko a sa mai siririn jiki.

Wuta, buji da gwaji

A fara da saitin wutar da injin ke da shi a fetur, sannan a riƙa gabatar da ita digiri ɗaya ko biyu a kowane gwaji, ana duba ko gudu ya ƙaru. Inda ya daina ƙaruwa a koma baya digiri ɗaya a tsaya. Haɗarin da ke nan shi ne kunnen bakanike ya saba jiran ƙwanƙwasar inji kafin ya san ya wuce gona da iri, itanol kuwa ba kasafai yake ƙwanƙwasa ba, sai mutum ya yi ta ƙara wuta har nauyin ya faɗa kan fistan da ƙarafan ƙasan inji. Bugu da ƙari, itanol yana saurin kamawa idan ya tarar da wani wuri mai jan zafi a cikin silinda tun kafin buji ya ba da wuta, don haka a sa buji mai sanyi, wato mai saurin fitar da zafi, mataki ɗaya ko biyu fiye da na da, musamman a injin da aka ɗaga wa matsi.

Karanta launin buji, wanda shi ne dogaron yawancinmu, ba ya isa a nan, domin itanol yana ƙonewa da tsabta, bujin yakan fito fari fat ko mai ya isa ko bai isa ba. Abin da ya kamata a kashe wa kuɗi shi ne na'urar auna iskar salansa mai faɗin awo, wadda ke nuna lambar da ake kira lamda. Lamda 1 na nufin mai da iska sun yi daidai, ko wane irin mai ne. A tsaye da tafiyar hankali a nemi kusa da 1, idan kuma an taka totur har ƙasa a nemi tsakanin 0.80 da 0.86, injin turbo ya karkata wajen 0.80 ko ƙasa kaɗan. Idan na'urar ma'aunin fetur kaɗai take nunawa, ba sai an canza ta ba: 14.7 a fuskarta shi ne lamda 1, 12.5 kuma shi ne 0.85. Kullum a fara da mai fiye da ƙima a riƙa ragewa, domin mai da ya yi yawa buji kawai zai jiƙa, wanda ya yi kaɗan kuwa fistan zai huda. A canza abu ɗaya a kowane gwaji, a rubuta lambar jiklar da saitin wuta da zafin ranar a littafi. Gwajin gudu kuma a yi shi a rufaffen fili da izinin hukuma, da hular kwano da mai tsaye da abin kashe wuta. Titunan gari da hanyar Tanut ko ta Maradi na jama'a ne da dabbobinsu, ba wurin gwada inji ba ne.

Yanayin garinmu

Saitin da aka yi da tsakar ranar bazara ba zai yi daidai da safiyar watan Janairu ba, domin iska mai sanyi ta fi nauyi kuma ta fi buƙatar mai, don haka a sake duba na'ura idan hunturu ya shigo. A wannan lokaci ne kuma tayar da inji ke wuya, saboda itanol ba ya zama tururi sosai idan zafin gari ya sauka ƙasa da digiri 15, abin da ya sa motocin Brazil na da suke da ɗan tankin fetur na tayarwa kawai. A taka totur sau biyu ko uku kafin a murɗa makulli, a rufe iska, ko kuma a sauke cakuɗar zuwa kashi 70 a watannin sanyi tare da rage jiklar daidai da haka. Ƙurar hunturu ba dalili ba ce ta cire matacin iska don neman gudu, domin ƙura za ta cinye zobban fistan cikin ɗan lokaci.

Damina ita ce babbar barazana ga man da aka ajiye. Itanol yana tsotsar ruwa daga iska, kuma daga Yuli zuwa Satumba duron da aka bari a buɗe zai lalace, ruwan da ya sha kuma shi ke sa jikin karbureta na alminiyum ko na zinki ya yi farin gari mai toshe hanyoyi. A ajiye man cikin duro mai murfi da ke rufuwa gam, a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa. Idan injin zai kwana fiye da mako ba a tayar ba, a zubar da man kwanon karbureta, a zuba fetur kaɗan a bar injin ya yi ƴan mintuna da shi, ko da zai yi hayaƙi saboda girman jiklar.

Baƙin mai ma yana buƙatar sa ido. Tun da man da ke shiga silinda ya yi yawa, wani yakan zarce ta gefen fistan ya gauraya da baƙin mai, musamman kafin inji ya yi zafi. Itanol yana tafasa a digiri 78, don haka a bar injin ya yi zafi har baƙin mai ya wuce digiri 80 kafin a kashe shi, a kuma riƙa canza baƙin man da wuri fiye da yadda aka saba. Idan ya koma kamar madara ko yawansa ya ƙaru a sandar awo, a canza shi nan take. Masu ƙananan injinan da ake haɗa wa mai da baƙin mai a tanki su sani cewa baƙin man da aka saba da shi ba ya narkewa cikin itanol, sai irin wanda aka yi domin man barasa.

Harshen wutar itanol shuɗi ne mai rauni, da ƙyar ake ganinsa a hasken rana, kuma tururin da ke saman duron da ya kusa ƙarewa yana iya kamawa ya fashe a zafin da aka saba da shi. Maigidan gareji ya gargaɗi yaransa kada kowa ya yi walda ko ya kunna taba kusa da duro ko da an ce babu komai a ciki, ya kuma rataye tulun kashe gobara na gari ko na iskar kabon dayoksaid a inda hannu ke kaiwa, domin kumfar kashe gobarar fetur ta yau da kullum narkewa take yi a kan barasa.